Injin wanki da na busar da kaya: abin dubawa kafin a fitar da kuɗi

Sau da yawa maganar daga waya take farawa. Ɗa ko ƙane da ke Faransa, Libiya, Saudiyya ko Amurka ya kira gida ya ce: "Inna ta tsufa, wanki ya yi mata yawa, zan aiko da inji." Niyya mai kyau ce. Sai dai akwai gidaje a Maradi, Damagaram da Tawa inda injin da aka aiko da irin wannan niyya yake ajiye a lungu, an lulluɓe shi da tsohon zane, an ɗora kwanoni a kai. Wani ya ƙone tun makon farko, wani ko sau ɗaya bai taɓa juyawa ba. Galibi an saye shi ne ba a tambayi gidan da zai shiga ba: wace irin wuta gare su, ta ina suke samun ruwa, wa zai gyara in ya tsaya.

Iri uku ne a kasuwa

Na farko shi ne mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa. Jikinsa roba ne, ba shi da nauyi, kuma da hannu ake murza makunninsa. Kai za ka zuba ruwa, ko da bokiti ne, ka sa omo, in ya gama ka kwashe kayan ka mayar baho na biyu ya matse. Wutar da yake ja ba ta da yawa, yawanci tsakanin wat 300 zuwa 500. Ba ya neman ruwan pompo mai ƙarfi, kuma abin da ke cikinsa kaɗan ne: moter biyu, bel ɗin roba, kondansater da agogon lokaci. Mai gyaran fanka da ya san aikinsa yana iya buɗe shi ya gane matsalar. Aibinsa shi ne sai an tsaya a kansa, kuma yana ɗan cin yadi mai laushi in aka bar shi ya daɗe yana juyi.

Na biyu mai murfi a sama ne wanda ke yin komai da kansa. Yana da sauƙin aiki, ba sai an sunkuya ba, abin da tsofaffi ke so ke nan. Amma mashayin ruwa ne: wanki ɗaya yana iya cinye lita 100 ko fiye, wato bido huɗu na lita 25. Ga wanda ƴan garuwa ke kawo wa ruwa, wannan lissafi ne na kowace rana.

Na uku mai ƙofa a gaba, mai gilashi zagaye, irin wanda ya cika gidajen Turai. Ya fi sauran fitar da dauɗa, ya fi tausaya wa tufafi, ruwansa kuma lita 40 zuwa 60 ne a wanki ɗaya. Shi ne kuma ya fi kowa sharaɗi. Yana da kart na lantarki da ke sarrafa shi, yana da abin dumama ruwa da ke jan kusan wat 2,000, nauyinsa kan kai kilo 60 zuwa 80 saboda sumuntin da aka sa masa a ciki don kada ya yi tsalle, kuma wanki ɗaya kan ɗauki awa biyu ko uku. A lokacin zafi da wuta ke zuwa tana komawa, awa uku ba ƙaramin lokaci ba ne. In wuta ta ɗauke a tsakiya, ƙofar kan kasance a kulle, kayan na jiƙe a ciki.

Wuta kafin komai

Kuran ɗin da NIGELEC ke bayarwa volt 220 ne, hertz 50. Duk injin da za a saya, a juya bayansa a karanta ƙaramar takardar da ke manne. In an ga 220 zuwa 240 V da 50 Hz, ya dace. Nan ne ƴan uwa na waje ke yawan yin kuskure. Injin wankin Amurka da Kanada na volt 120 ne da hertz 60. In aka jona shi kai tsaye a nan, ƙonewa zai yi, kuma ko an sa masa taransifoma ta rage volt, ba ta canja hertz ba. Saudiyya volt ɗinta ya yi daidai da namu amma hertz 60 gare ta, don haka mai sayo inji a Jidda ko Makka ya tabbatar an rubuta 50/60 Hz. Kayan Faransa, Beljiyam, Jamus, Aljeriya da Libiya ba su da wannan matsala. Na Najeriya, Gana da Ingila ma wutarsu ɗaya da tamu, bakin filogi ne kawai ya bambanta, mai ƙafa uku masu kusurwa. Gara a kira mai aikin wuta ya canja filogin ko ya sa priz da ta dace da a dogara da ƙananan adafta na roba, waɗanda ke narkewa in inji mai dumama ruwa ya ja wuta.

Sai ƙarfin kontar ɗin gida. A duba ampera nawa aka rubuta a kan disjontar, a ninka da 220. Ampera 5 wat 1,100 ke nan, ampera 10 wat 2,200. Gidan da ke da ampera 10, ga firji ga fankoki, da zarar inji ya fara dumama ruwa wuta za ta faɗi. Dabarar ita ce a riƙa wanki da ruwan sanyi, kuma a ƙasarmu ruwan da ya wuni a tanki ko a tiyo cikin rana da ɗuminsa yake fitowa.

Abin da ya fi kashe injuna masu kart shi ne hawa da saukar wuta, musamman lokacin da ta dawo bayan ɗaukewa. Mutane ba su manta ba da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba a maido ba sai Maris na 2024. Kuma kowace bazara, daga Maris zuwa Yuni, buƙata kan fi ƙarfin abin da ake samu. Don haka kuɗin regilater yana cikin kuɗin inji, kada a raba su. A sayi wanda ƙarfinsa ya zarce abin da injin ke ja, a kuma saba da cire filogi in an gama.

Wanda ke ƙauye da panno na hasken rana, mai baho biyu ne nasa. Moter kan ja wuta ninki biyu ko uku a daƙiƙar da yake tashi, saboda haka konbertiser ɗin ya kasance aƙalla na wat 1,000 zuwa 1,500, a kuma yi wankin da hantsi zuwa azahar lokacin da rana ke da ƙarfi, don a huta wa batir. Ƙaramin gurup ma yana ɗaukar sa.

Akwai magana ɗaya da ba ta kuɗi ba ce, ta rai ce. Gidaje da yawa an ja musu wuta ba tare da wayar ƙasa ba. Inji ne mai ruwa, ana aiki da shi a tsakar gida, ƙafa ba takalmi, ƙasa a jiƙe. In ka taɓa jikinsa ka ji yana ɗan cizo, wannan gargaɗi ne, a kashe a kira mai aikin wuta ya kafa sandar ƙasa. Yara kuma kada a bar su kusa da bahon matsewa yana gudu. Hannu ɗaya cikin ganga mai juyi sama da sau 1,000 a minti ya isa karaya.

Ruwa

Injunan da ke cika kansu suna son ruwa mai turi. Yawancin littattafansu na neman aƙalla rabin bar, wanda ke daidai da tankin da ke mita 5 sama da injin. Tanon da aka ɗora kan bulo biyu ba zai yi ba. Unguwar da pompo ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, ko yake ɗiga kamar hawaye, injin zai yi ta jira ya nuna alamar kuskure. Mafita shato ne mai tsawo ko ƙaramin injin tura ruwa, kuma wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata a sani tun farko.

Ruwan rijiya mai laka a bar shi ya kwanta kafin a zuba. Ruwan foraj mai gishiri-gishiri, wanda ke barin farin dafi a cikin buta, haka yake barinsa a kan abin dumama ruwa har ya kashe shi. Yashi kuwa, wanda ba mu rasa shi a aljihu da kalmasar wando, yana cin robar da ke tare ruwa daga shiga wurin ƙarfen juyi. A kakkaɓe kaya kafin a sa, a lalube aljihu. Tsabar dala, allurar hijabi da ƙusa su ne kan toshe famfon fitar da ruwa.

Wane girma, wace alama

Kilon da aka rubuta a jikin inji nauyin busassun kaya ne. Gida mai mutum huɗu ko biyar kilo 7 zuwa 8 ya ishe shi. Gidan gandu mai mata da yara da yawa ya nemi 10 zuwa 12, ko da yake a ganinmu mai baho biyu babba ya fi dacewa da irin wannan gida, tunda ana iya wanke fararen kaya a ruwan omo ɗaya sannan a bi da masu launi, ana matse wasu ana wanke wasu. Cusa kaya har murfi ya ƙi rufuwa shi ke tsinka bel ya ƙona moter.

A kantuna za a ga LG, Samsung, Hisense, Midea, Beko, Nasco, da Haier Thermocool da ke shigowa daga Najeriya. Suna kaɗai ba ya wanki. Kafin ka je kanti, fara zuwa wurin mai gyara na garinku ka tambaye shi wane iri ne yake samun kayan gyaransa, a Katako ta Yamai, a kasuwar Dole ta Damagaram, ko ta hanyar Kano da Katsina. Injin da ya fi kowane kyau a Jamus, in kart ɗinsa ya ƙone a Dakoro kuma babu inda za a samu wani, ya zama teburi. A nemi garanti a rubuce, da hatimin kanti da lambar injin, a tambaya ƙarara: in ya lalace, ina zan kai shi, wa zai biya mota? Shekara 10 da ake gani an manna a gaban wasu injuna ta moter ce kawai, ba ta shafi kart ko famfo ba.

Na hannu da ake kawowa daga Turai akwai nagari a ciki, amma kada a saya sai an gwada da ruwa har zuwa matsewa. Juya gangar da hannu: in tana gurnani kamar ana niƙa, ko tana girgiɗi in an ɗaga ta, boris ɗinta ya tafi, kuma gyaransa kan kusa kuɗin injin. Leƙa ƙasa ka ga ko akwai tsatsa ko alamar yoyo. Sabon mai ƙofa a gaba kuma yana zuwa da manyan kusoshi uku ko huɗu a baya da ke riƙe ganga saboda tafiya. Dole a cire su kafin wankin farko, a kuma ajiye su don ranar ƙaura. A zaunar da shi kan daɓen sumunti mai daidai, cikin inuwa, don rana na busar da roba ta farfashe. A toshe ƙasansa saboda ɓera, mai son wayoyin ciki.

Injin busarwa: wa ke buƙatarsa?

Gaskiya, mafi yawan gidajenmu ba su buƙata. Rigar da inji ya matse da kyau, a watan Afrilu ko lokacin hunturu, kafin a gama shanya ta ƙarshe ta farko ta kusa bushewa. Injin busarwa na gama-gari yana jan wat 2,000 zuwa sama, yana cin kusan kilowat 4 a lodi ɗaya. Lodi uku a mako ya haura kilowat 50 a wata a kan takardar wuta. Akwai sabon iri mai aiki kamar na'urar sanyaya ɗaki, wanda ke cin ƙasa da rabin haka, amma ya fi tsada, gyaransa sai gwani, kuma masu ƙera shi kan ce a yi aiki da shi a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Wanda ya san Yamai ko Birnin Konni a watan Mayu ya san abin da wannan ke nufi. Mai haɗe da wanki da busarwa a jiki ɗaya kuwa ba ya busar da duk abin da ya wanke, sai an rage kusan rabi.

Waɗanda zai yi wa amfani su ne otal, ɗakin haihuwa da asibiti masu canja zanen gado kullum, da masu sana'ar wanki da guga da ke da alkawarin kaya a watan Agusta lokacin da hadari ke wuni. Sai ƴan uwanmu da ke zaune a benayen Turai da Amurka, inda babu tsakar gida kuma sanyi ke ɗaukar watanni. Su a kula da abu ɗaya: ragar da ke tare audugar kaya a share ta bayan kowane lodi, mai bututu kuma a fitar da bututun waje, domin tarin audugar nan da zafi na haddasa gobara.

Shadda mai sheƙi, babbar riga mai aiki da leshi mai duwatsu, kada su shiga injin busarwa, kuma ko a na wanki ruwan zafi da matsi mai ƙarfi na kashe musu ƙyalli. Waɗannan har yanzu hannu, inuwa da masu bugu ne maganinsu. Ruwan ɗauraya na ƙarshe a tare shi a baho a yayyafa wa tsakar gida ko a wanke makewayi. In aka sake shi a titi ya kwanta, da damina sauro ne zai hayayyafa a ƙofar gida.