Daga Zaure Zuwa Kyamara: Tarihin Sa Ido a Abossey Okai da Sabon Zongo

Unguwar Abossey Okai ita ce babbar kasuwar kayan gyaran mota a birnin Akra, kuma daga ko'ina a ƙasar Ghana makanikai ke zuwa neman abin da ya gagare su a garuruwansu. Da yawa daga kayan da ake sayarwa a nan ƙanana ne a jiki, masu tsada a kuɗi: madubi, fitila, famfon mai, ƙwaƙwalwar inji da za ta shige ƙaramar jaka. Irin wannan haja ba ta kwana ba tare da mai tsaro ba. A yau wanda ya ɗaga kai a bakin shagunan zai ga kyamarori maƙale a ƙarƙashin kwano, amma an daɗe ana sa ido a wannan yanki kafin a san su.

Maƙwabciyar kasuwar ita ce Sabon Zongo, wadda Malam Bako ɗan Malam Naino ya kafa kafin yaƙin duniya na farko, bayan ya fito da jama'arsa daga tsohon zangon da ke tsakiyar gari. Deborah Pellow ta yi nazarin unguwar a littafinta Landlords and Lodgers na 2002, inda ta nuna yadda tsarin gidan Bahaushe ya yi tafiya har bakin teku. Jigon wannan tsari shi ne zaure. A nan maigida ke zama, a nan baƙo ke yin sallama ya tsaya, kuma ba ya wuce nan sai an yi masa izini. Zaure yana yin aiki biyu a lokaci guda: yana ganin mai shigowa, yana kuma tare idon mai wucewa daga kaiwa tsakar gida, inda mata ke hidimarsu. Wannan aiki na biyu shi ne wanda aka fi mantawa idan ana maganar tsaro.

Maigida a zango ba mai ɗaki kawai ba ne. Shi ke sauke fatake, ya ajiye kayansu, ya tsaya musu a ciniki, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana game da unguwar Sabo ta Ibadan a 1969. Idan kaya ya ɓace a hannunsa, sunansa ne ya ɓaci. Da shaguna da rumbunan kamfanonin Turawa suka yawaita, sai mai gadi ya bayyana, kuma kalmar gadi kanta aro ce daga Ingilishi. A Akra wannan aiki ya daɗe a hannun mutanen arewa da mazauna zango. Mai gadi yakan yi gyangyaɗi, yakan tafi salla, ana iya haɗa baki da shi. Amma kowa ya san fuskarsa, ya san garinsu, ya san wanda za a kai wa ƙararsa.

Ita kyamarar tsaro ta faro ne daga wani wuri dabam. A 1942 injiniya Walter Bruch ya haɗa ta a Peenemünde ta ƙasar Jamus don kallon harba rokar V-2 daga nesa. Tsawon shekaru hamsin da suka biyo baya tsarin a rufe yake: waya mai kauri daga kyamara zuwa akwatin kallo, daga baya aka ƙara kaset. Wanda ke son ganin hoton dole ya shiga ɗakin da akwatin yake. Ta wannan fuska tsohuwar kyamara ba ta yi nisa da zaure ba.

Sauyin ya zo a 1996, lokacin da kamfanin Axis na birnin Lund a Suwidin ya fitar da Neteye 200, kyamarar farko da ke hawa layin sadarwar kwamfuta da kanta. Takan ɗauki daƙiƙa 17 kafin ta kammala hoto ɗaya mai girma, abin da ba zai kama ko kaza ba, balle ɓarawo. Muhimmancinta shi ne tana da adireshi nata, kamar kowace kwamfuta. A 2003 aka amince da ƙa'idar da ta ba wa waya ɗaya damar ɗaukar wutar lantarki da hoto tare, har tsawon mita 100. A 2008 Axis da Bosch da Sony suka kafa ONVIF, don kyamarar wannan kamfani ta fahimci na'urar adana hoto ta wancan. Sai kamfanonin Sin irin su Hikvision da Dahua, dukansu na birnin Hangzhou, suka karya farashi har abin ya kai ga ƙaramin ɗan kasuwa.

Kafa ta a shago aikin yini ɗaya ne ko ƙasa da haka. A huda bango inda hannu ba ya kaiwa, a ja waya zuwa na'urar adana hoto, a haɗa na'urar da akwatin intanet, a sa kalmar sirri. A Ghana akan ƙara batir, domin shekarun dumsor, wato kashe-kunna da harshen Twi, waɗanda suka fi tsanani wajen 2015, sun koya wa kowa cewa ido mai cin wuta yana rufewa daidai lokacin da unguwa ta yi duhu. Mataki na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mai nauyi: a buɗe manhaja a wayar hannu, a haska 'yar alamar da ke jikin na'urar, sai hoton shago ya bayyana ko mai shi yana Kumasi ko yana Dubai sayen kaya. Abin da mai haɗawa ba ya cika faɗa shi ne, galibi wayar da kyamarar suna gano juna ne ta rumbun kwamfutar kamfanin da ya ƙera ta, a wata ƙasa da mai shagon bai taɓa takawa ba.

Shekarar 2016 ta nuna abin da hakan ke jawowa. Wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada kusan sunaye da kalmomin sirri 60 da na'urori ke zuwa da su daga masana'anta. Ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, da yawansu kyamarori ne da akwatunan adana hoto waɗanda masu su ba su sauya kalmar ba. A ranar 21 ga Oktoba aka yi amfani da su wajen durƙusar da kamfanin Dyn na Amurka, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga miliyoyin mutane. Masu kyamarorin ba su san an yi da kayansu ba.

Gwamnati ma ta shigo da nata idon. Shirin Alpha na tsaron ƙasa ya fara da ɗaruruwan kyamarori, sannan kashi na biyu da Huawei ya kai su dubbai, a manyan tituna da mahaɗu na Akra da sauran birane. Hotunan suna tafiya cibiyoyin da mai wucewa ba ya gani, ba ya kuma sanin wa ke zaune a ciki.

A takarda akwai kariya. Sashe na 18 na tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin gida da na sadarwa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa masu tara bayanan mutane yin rajista da hukumar da ta kafa. Dokar ta ware abin da mutum ya tara don harkar kansa da iyalinsa kawai. Sai dai a unguwanni masu cunkoso kamar Sabon Zongo da Nima da Maamobi, inda lungu bai wuce faɗin mutum biyu ba, kyamarar da aka ɗora saman ƙofa don tsare babur tana iya leƙa katanga ta ga tsakar gidan maƙwabci, wurin da aka gina zaure tun farko don kada ido ya kai.