Gobara a Cikin Kumbo

Ba kowa ya sani ba, amma Kano tana da hannu a tarihin zuwa sararin samaniya. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta kafa tasha a nan don bin sawun kumbunanta. Ran 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn ya kewaya duniya, tashar Kano tana cikin waɗanda suka yi magana da shi.

To, iskar da ke cikin waɗannan kumbuna oksijin ce zalla, alhali kuwa a iskar da muke shaƙa ba ta wuce kashi 21 cikin ɗari ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ran kasuwar Wudil ya ga yadda zugazugi ke mai da gawayi ja wur. Ina ga an ba wuta oksijin tsantsa? Amma da yake sau 16 ana tashi da mutane ana sauka ba gobara, sai aka saki jiki.

Ran 27 ga Janairu, 1967, ana gwajin Apollo 1 a ƙasa, wuta ta tashi, ana zaton daga waya. Ragar nailan da maɗaurin Velcro suka kama kamar an zuba kananzir. Ƙofar kuwa ciki take buɗewa, matsin iska ya danne ta. Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee duka suka mutu. Abin takaici, tun 1961 irin wannan wuta ta kashe Valentin Bondarenko a ɗakin gwaji a Mosko, amma Tarayyar Sobiyat ta binne labarin sai 1986.

Daga nan aka shiga ƙona kaya ɗaya bayan ɗaya cikin oksijin kafin a yarda su shiga kumbo. Aka saƙa rigunan 'yan sama jannati da zaren gilashi, aka gauraya iskar da naitirojin kafin tashi, ƙofa ta koma buɗewa waje.

Sauran rina a kaba, domin inda babu nauyi hayaƙi ba ya tashi sama, harshen wuta dunƙulewa yake kamar ƙwallo. Shi ya sa daga 2016 zuwa 2024 NASA ta riƙa cinna wa ƙyalle da roba wuta da gangan a kumbon Cygnus marar mutane. A can sama fankar da ke juya iska ita ke ciyar da wuta, saboda haka in ƙararrawar gobara ta kaɗa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, fankokin ake fara kashewa.