Gasar jan kaya da tsohuwar tarakta: yadda ake ƙara wa inji ƙarfi

A jihohin noma na Amurka, irin su Ohio da Iowa, akwai wasan da manoma ke ji da shi kamar yadda muke ji da kokowa: gasar jan kaya da tarakta. Asalinta gardama ce tsakanin manoma, dokin wa ya fi ja. Da inji ya gaji doki a gona, sai gardamar ta koma kan tarakta. A 1969 aka kafa ƙungiyar NTPA don tsara dokokin wasan, kuma duk watan Agusta ana babban taro a garin Bowling Green na jihar Ohio.

Yadda ake wasan

Ana ɗaura wa tarakta wata doguwar tirela a filin ƙasa mai tsawon wajen mita 91, a Turai kuwa mita 100. Bisa tirelar akwai akwatin nauyi da ke matsowa gaba sannu a hankali, yana danna wani farantin ƙarfe cikin ƙasa. Ana tafiya kaya na ƙara nauyi, har tarakta ta tsaya cak. Wanda ya fi nisa shi ya ci.

Tsofaffin taraktoci na da rukuninsu, galibi waɗanda aka ƙera kafin 1960, kamar John Deere A mai fistan 2 da Farmall M da aka yi daga 1939 zuwa 1952. Ana auna nauyin kowace kafin ta shiga, kuma a rukunai da dama ba a yarda a wuce wajen kilomita 5 a awa ba. Ke nan gudu ba ya fid da mutum, sai ƙarfin murɗa taya.

Abin da ake canzawa

Injin Farmall M fistan 4 gare shi, cikinsa wajen lita 4, ƙarfinsa bai kai na doki 40 ba. Da yawa daga cikin injunan wancan zamani an yi su ne su iya shan kananzir, don haka ba su matse iska sosai. Aikin farko shi ne ƙara matsin: a kankare kan inji, ko a sa fistan masu tudu. Na biyu, a faɗaɗa ramukan fistan. Na uku, a canza sandar nan mai gwiwoyi da fistan ke juyawa, a sa wadda ke ba fistan doguwar tafiya. Daga nan sai a buɗe hanyoyin iska, a gyara kafireta, a daidaita lokacin wutar buji. Wasu kan ɗaure gwamna, wato na'urar da ke hana inji wuce kima, amma doka na ƙayyade yawan juyawar da aka yarda da ita.

Haɗarin da ke ciki

Tsohon ƙarfe ba ya son gaggawa. Faifan nan mai nauyi da ke bayan inji, in ya yi juyin da ya wuce ƙarfinsa, yana iya tarwatsewa ya raunata direba da ƴan kallo. Shi ya sa masu ƙara gudu ke canza shi da ƙarfe mai ƙwari, su rufe shi da garkuwa. Ana kuma sa sanduna a baya don kada tarakta ta ɗaga gaba ta kife kan mai ita.

To jama'a, abin lura shi ne injin gasa aikin minti ɗaya ko biyu yake yi, ya huta. Injin noma, da na niƙa, da na ban ruwa kuwa wuni suke yi suna aiki. In wani ya ce zai ɗaure maka gwamna inji ya ƙara ƙarfi, ka tuna ƙarfin da ka samu yau daga kwanan injin aka yanko shi.