Tayar mota mai gudu: yadda ake karanta lambarta da zaɓen wadda za ta jure titin Legas

'Yan uwa da dama a Agege yanzu suna hawa Benz, BMW da Lexus, amma in an zo batun taya sai ka ji mutum ya ce wa yaro, "je ka samo min mai rim 17." To, girman rim kaɗai bai isa ba.

Ga misali, a jikin taya ka ga 225/45 R17 94W. Lambar 225 faɗin tayar ne a milimita. 45 ɗin kuma tsayin gefenta ne, wato kashi 45 cikin 100 na faɗin, kusan milimita 101 ke nan. 17 girman rim ne a inci. 94 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 670. Harafin ƙarshe shi ne gudun da aka gina ta ta jure: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Wani zai ce ai dokar babbar hanya 100 ce, ina ruwana da 270? Gaskiya ne, sai dai harafin yana da alaƙa da juriyar zafi, kuma wanda zai tashi daga Legas ya bi Ibadan da Lakwaja har Kano da rana tsaka, zafi ne babban abokin gabarsa. Kar a sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Awon iska ma yana nan, shi za ka nuna wa mai faci.

Inda na fi saɓawa da samari shi ne ƙara girman rim don ado. Ana iya tashi daga 225/45 R17 zuwa 225/40 R18, tsayin tayar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, don haka mitar gudu ba za ta yi ƙarya ba. Amma gefen ya ragu zuwa milimita 90. A kan gadar Pen Cinema lafiya lau, motar ta kwanta a kwana. Ka shiga lungunan unguwa da damina, rami ɗaya da ruwa ya rufe sai taya ta yi ƙulu ko rim ya lanƙwashe. Ni dai a Legas ba na ba da shawarar ƙasa da 45, sai in motar da haka ta zo. Wasu BMW da Benz na baya sun fi na gaba faɗi, a bar su yadda suke. Mai ja da ƙafa huɗu kuwa, kar a haɗa mata sabuwa da suɗaɗɗiya.

Sai batun tokumbo. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da ke kasuwa daga waje take. Shigo da tsohuwar taya haramun ne a jerin Kwastan, amma ga ta nan ko'ina. Da yawa na ƙasashen sanyi ne: in ka ga hoton dutse da ƙanƙara a jiki, robarta mai laushi ce da aka yi don sanyin ƙasa da digiri 7. A kwaltarmu tana saurin cinyewa, birki kuma ba ya kama ta yadda ya kamata. Motar da aka shigo da ita daga Kanada ko Jamus ma a duba ƙafafunta.

Ko sabuwa ce a leda, nemi lambobi huɗun ƙarshe bayan DOT. 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na ƙirga shekara huɗu daga wannan rana, kuma suna dubawa a hanya. Zanen taya in ya kai milimita 1.6 ya ƙare, amma da ruwan Legas gara a canza tun yana 3.