Telugu da Asamiya: Yadda Kama Ta Ruɗi Masu Mulki a Indiya

Yawancinmu mun san Indiya ne ta majigi, saboda haka da an ce "Indiyanci" sai hankalinmu ya tafi ga Hindi. Amma ƙasar nan tana da manyan harsuna 22 da tsarin mulki ya lissafa, kuma da yawa daga cikinsu ba su haɗa kaka ba. A nan za mu ɗauki biyu, wato Telugu na kudu maso gabas da Asamiya na kwarin kogin Brahmaputra. Ƙidayar 2011 ta nuna masu magana da Telugu sun haura miliyan 81, na Asamiya kuwa miliyan 15 ne da 'yan kai. Abin da ya haɗa su a tarihi shi ne, kowannensu an taɓa jingina shi ga wani harshe saboda kama, alhali Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane.

Mu fara da Telugu. Rubutu mafi daɗewa da aka sassaƙa a dutse da wannan harshe zalla an yi shi ne wajen shekarar 575. A ƙarni na 11 wani mawaƙin fada mai suna Nannaya ya soma juyar da Mahabharata daga Sanskirit zuwa Telugu, Tikkana da Errana suka ƙarasa aikin a ƙarnonin da suka biyo. Waɗannan malamai sun cika harshen da kalmomin Sanskirit maƙil, har ta kai ga masana da dama sun ɗauka Telugu ɗan Sanskirit ne na cikinsa. Wannan ba zai ba mu mamaki ba, domin wanda ya karanta waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 a ƙasar Hausa zai iya rantsuwa Hausa reshen Larabci ce. A 1816 ne wani jami'in Ingila a Madras, Francis Whyte Ellis, ya nuna cewa idan aka tsame kalmomin aro, saiwoyin da suka rage da na Tamil da Kannada tushensu ɗaya. Robert Caldwell ya faɗaɗa wannan bincike a 1856, ya kuma yaɗa sunan "Dirabidiya" ga dangin.

Shi kuwa Asamiya, jininsa da Sanskirit ɗaya ne, ɗan'uwan Bangali da Odiya. Adabinsa ma ba na jiya ba ne. Madhava Kandali ya juyar da Ramayana a ƙarni na 14, sannan Sankardev, wanda aka haifa a 1449, ya zo da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo na addini da har yau ake yi. Wani abin sha'awa shi ne sarakunan Ahom, waɗanda suka shigo daga gabas a 1228 da harshensu na Tai. Sannu a hankali suka saki nasu suka rungumi na talakawansu, suka kuma bar wa Asamiya littattafan tarihin sarauta da ake kira buranji, irin rubutun zube da ba kowane harshen Indiya ya samu ba a wancan zamani.

To, a nan ne hanyoyin suka rabu. Kuskuren da aka yi wa Telugu bai wuce zauren malamai ba. Babu manomin da ya rasa gona domin an ce harshensa ɗan Sanskirit ne. Na Asamiya kuwa ya shiga kotu da aji. Bayan yarjejeniyar Yandabo ta 1826 ƙasar Asam ta faɗa hannun Turawan Ingila, waɗanda suka zo da akawunansu daga Bengal. Da suka duba rubutun mutanen, sai suka ga da na Bangali kusan duk ɗaya ne, haruffa biyu kacal suka fito fili da bambanci. Ba su tsaya sun saurari furuci ba, inda mutumin Asam ke fitar da wani sauti daga maƙogwaro a gurbin "s", ba su kuma buɗe buranji ba. A 1836 aka mayar da Bangali harshen makaranta da na shari'a, aka ce Asamiya karin harshe ne kawai. Shekara 37 yaro na koyon karatu da bakin da ba na uwarsa ba, mai ƙara yana sa hannu a takardar da bai fahimta ba.

Waɗanda suka fara ɗaga murya 'yan mishan ne daga Amurka, kuma a ganinmu ba soyayyar harshe kaɗai ta motsa su ba, sun dai lura wa'azinsu ba ya shiga idan ba da bakin jama'a aka yi shi ba. A 1846 suka fara buga mujallar Orunodoi a Sibsagar, Nathan Brown ya fitar da nahawu a 1848, Miles Bronson ya buga ƙamus a 1867. Daga cikin 'yan ƙasa, Anandaram Dhekial Phukan ya rubuta wa hukuma hujjojinsa a 1855. Sai a 1873 aka mayar wa Asamiya matsayinsa.

Telugu bai sha irin wannan ƙasƙanci ba, amma ya sha rabuwa. Wani ɓangare na mutanensa na ƙarƙashin Madras, inda suke ganin Tamilawa sun danne su, sauran kuma suna hannun Nizam na Haidarabad, wanda harshen fadarsa Urdu ne. A 1952 Potti Sreeramulu ya ƙaurace wa abinci yana neman jiha ga masu Telugu, ya mutu a ranar 15 ga Disamba. Tarzomar da ta biyo baya ta tilasta wa Nehru amincewa, aka kafa jihar Andhra a 1953, sannan a 1956 aka sake zana jihohin Indiya bisa harshe, aka haɗe ɓangarorin biyu. Sai dai harshe ɗaya bai hana ƙorafi kan ruwan noma da ayyukan gwamnati ba, shi ya sa Telangana ta ɓalle a 2014.

A Asam kuma reshe ya juya da mujiya. Dokar 1960 ta sanya Asamiya harshen hukuma na jihar, abin da ya fusata mazauna kwarin Barak, waɗanda mafi yawansu Bangali suke yi. Suka fito zanga-zanga, kuma a ranar 19 ga Mayu, 1961 'yan sanda suka harbe mutum 11 a tashar jirgin ƙasa ta Silchar. Bayan wannan jini ne aka gyara dokar, aka bar wa yankin Bangalinsa.