Ɗaga nauyi da zari-ruga: Taura biyu a bakin ɗan wasan sha'awa

A ƙananan kulob-kulob na ƙwallon zari-ruga da ke garuruwan Ingila da Wales, akasarin 'yan wasa ba a biyansu ko sisin kwabo. Malaman makaranta ne da magina da ma'aikatan ofis da ɗalibai, waɗanda kan taru domin atisaye da yammacin Talata da Alhamis, sannan su fafata ranar Asabar.

Wasu daga cikinsu sun ƙara wa kansu wani aikin. Suna koyon ɗaga ƙarfe irin wanda ake yi a gasar Olympics, wasu ma har sukan shiga gasarsa.

Masu horarwa da dama sun yarda cewa wasannin biyu suna taimakon juna. Inda ake samun saɓani shi ne ko jikin mutumin da zai tashi ya tafi wurin aiki ranar Litinin zai iya ɗaukar su duka.

Salo biyu kacal

An yi wasan ɗaga nauyi a gasar Olympics ta farko ta wannan zamani a birnin Athens a shekarar 1896, kuma tun daga 1920 ba a sake yin gasar ba tare da shi ba. Mata sun fara shiga a Sydney a shekarar 2000, inda Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Najeriya lambar azurfa.

A da salo uku ake yi, amma bayan gasar Munich ta 1972 aka soke na ukun, wato tura ƙarfe sama da ƙarfin hannu zalla, saboda alƙalai sun kasa tantance wanda ya bi ƙa'ida da wanda ya yi maguɗi da bayansa.

Na farko daga cikin biyun da suka rage shi ne fizga. Ɗan wasa zai buɗe hannuwansa sosai a kan sandar ƙarfen, ya fizge ta daga ƙasa zuwa saman kansa a tashi ɗaya, ya faɗa ƙarƙashinta a tsugune, sannan ya miƙe. Na biyu shi ne saɓa-ka-miƙa, inda ake fara saɓa sandar a kan kafaɗu ta gaba, a tsaya, sannan a cilla ta sama ana raba ƙafafu. A nan ne ake ɗaga nauyi mafi yawa.

Sandar maza kilo 20 ce, ta mata kilo 15. Ana gane faya-fayan ƙarfen da ake zura mata ta launinsu: ja kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10. Kowane ɗan wasa yana da dama uku a kowane salo, kuma alƙalai uku ne ke yanke hukunci da farar fitila ko ja. Ana haɗa mafi nauyin abin da mutum ya ɗaga a salon biyu. Wanda ya ɓarar da damarsa uku a salo ɗaya ya tashi a tutar babu.

Ƙarfi kaɗai ba ya wadatarwa. Naim Suleymanoglu na Turkiyya, wanda tsayinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, ya ɗaga kilo 190 a Seoul a 1988 yana ajin masu kilo 60, wato fiye da nauyin jikinsa sau uku. Lasha Talakhadze na Jojiya kuwa ya fizgi kilo 225, ya kuma saɓa 267 a birnin Tashkent a 2021.

Wasan da ya daɗe yana ƙyamar kuɗi

Ana danganta asalin zari-ruga da wani ɗalibi, William Webb Ellis, wanda aka ce ya sunkuci ƙwallo ya ruga da ita a makarantar garin Rugby a 1823. Masana tarihi ba su gamsu da labarin ba, amma sunansa ne a kan kofin duniya. Abin da ya tabbata shi ne an rubuta dokokin farko a makarantar a 1845, aka kafa hukumar wasan ta Ingila a 1871.

A 1895 kulob 22 na arewacin Ingila suka ɓalle a wani taro a Huddersfield, saboda hukumar ta hana a biya ma'aikatan masaƙu da mahaƙan kwal ladan ranar aikin da suka rasa domin wasa. Daga nan aka samu zari-ruga iri biyu, mai 'yan wasa 13 da mai 15. Na 15 ɗin ya ci gaba da haramta albashi har shekara ɗari cif, sai a watan Agustan 1995 aka ɗage haramcin a wani taro a Paris.

Watanni biyu kafin haka, duniya ta ga Jonah Lomu na New Zealand, ɗan shekara 20 mai nauyin kilo kusan 120, yana bi ta kan 'yan wasan Ingila a Cape Town, inda ya dangwala ƙwallo a bayan layinsu har sau huɗu. Da kuɗi suka shigo, kulob-kulob suka ɗauki ƙwararrun masu gina jiki, 'yan wasa suka ƙara girma da sauri, ɗakin ƙarfe ya zama wajibi. Al'adar ta gangaro har zuwa kulob ɗin ƙauye.

Abin da ya haɗa su

A zari-ruga mai mutum 15 ana wasa na minti 80. Takwas 'yan gaba ne masu nauyi, bakwai 'yan baya masu gudu. Ba a miƙa ƙwallo da hannu zuwa gaba, saboda haka duk tazarar da aka ci sai an ci ta da gudu, ko bugu da ƙafa, ko bangaza.

Sirrin alaƙar wasannin yana ƙugu. Lokacin da mai ɗaga nauyi ya kawo sanda daidai cinyoyinsa, yakan miƙe idon sawu da gwiwa da ƙugu a lokaci guda da dukkan ƙarfinsa, cikin ƙiftawar ido. Irin wannan motsi ne ɗan zari-ruga ke yi idan zai tashi da gudu, ko zai yi tsalle, ko zai shiga jikin abokin hamayya ya kayar da shi.

Haka kuma wajen jifa daga gefen fili, inda mutum biyu ke ɗaga abokin wasansu sama domin ya cafe ƙwallo, kuma sau da yawa wanda ake ɗagawar ya haura kilo 100. Wanda ya saba tura ƙarfe sama da ƙafafunsa, maimakon hannuwa, ba zai sha wahala a nan ba.

Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba. Mai saɓa ƙarfe yana koyon yadda ake tarbar nauyi ne, ya ƙanƙame cikinsa da bayansa a daidai lokacin da sandar ta sauka a kafaɗarsa. Wannan horo ne mai amfani ga wanda za a yi karo da shi sau da dama a yini ɗaya.

Sai dai a turereniya, inda mutum takwas ke sunkuyawa su haɗa kafaɗu da wasu takwas, ƙarfin da ake buƙata na jurewa ne a hankali. Tsugunno da ƙarfe mai nauyi ya fi fizga amfani a nan.

Inda suke cin karo

Matsala ta farko kafaɗa ce. Fizga tana buƙatar kafaɗa mai laushi wadda za ta riƙe nauyi a saman kai, hannu a miƙe sarai, domin alƙalai ba sa karɓar ɗagawar da aka lanƙwasa gwiwar hannu sannan aka miƙe ta. Kafaɗa kuwa ita ce makamin ɗan zari-ruga wajen kayarwa, kuma tana cikin gaɓoɓin da suka fi jin rauni a wasan. Yatsu ma haka. Masu ɗaga nauyi kan danne babban yatsa a ƙarƙashin sauran yatsu domin kada sanda ta kuɓuce, riƙon da ke da zafi ko da hannu lafiya lau yake, balle wanda aka taka da takalmi mai ƙusoshi ranar Asabar.

Wannan ne ya sa masu horar da 'yan zari-ruga da yawa ba su koyar da salon biyu cikakku. Sukan tsaya a kan ɓangarorinsu, kamar saɓa sanda daga gwiwa ba tare da zurfin tsugunno ba, ko fizgo ta zuwa ƙirji a sake ta. Ga wanda burinsa zari-ruga ne kaɗai, wannan ya isa. Ga mai son hawa dandalin gasa kuwa, babu makawa sai ya koyi abin dalla-dalla, kuma hakan kan ɗauki shekaru.

Ta biyu ita ce gajiya. A 1980 wani masani a Amurka, Robert Hickson, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi na mako goma, inda ya nuna cewa waɗanda suka haɗa ɗaga ƙarfe da gudu da tuƙa keke mai tsanani, ƙarfin ƙafafunsu ya daina ƙaruwa a makonnin ƙarshe, saɓanin waɗanda ƙarfen kawai suka ɗaga. Nazarce-nazarcen baya sun nuna cewa ana iya rage illar idan aka raba lokutan atisayen, aka kuma ci abinci da kyau. Amma raba lokaci abu ne mai sauƙi ga wanda wasa ne sana'arsa. Magini ya riga ya yini yana ɗaukar bulo kafin ya iso ɗakin ƙarfe.

Ta uku nauyin jiki ne. Ɗan gaba a zari-ruga yana son ƙarin kilo, mai ɗaga nauyi kuwa aji-aji ake raba su, ana auna su sa'o'i biyu kafin gasa. Wanda ya ƙara ƙiba domin turereniya zai tsinci kansa a aji ɗaya da mutanen da ba su da wani aiki sai ƙarfe.

Mafitar da aka fi bi ita ce raba shekara. Kakar zari-ruga a Birtaniya kan fara a watan Satumba ta ƙare wajen Afrilu. A cikinta ɗan wasa kan taƙaita ƙarfe zuwa sau biyu a mako, mai nauyi a farkon mako, marar nauyi amma da sauri a tsakiyarsa, ya huta ranar Juma'a. Watannin da babu wasa su ne na ƙara ƙarfi da shiga gasa. Tsarin raba horo zango-zango ya samo asali ne daga masana wasanni na Tarayyar Sobiyet, musamman Lev Matveyev a shekarun 1960. Tsarin Bulgeriya na Ivan Abadjiev, wanda ake gwada iyakar ƙarfi kusan kullum, ya samar da zakarun duniya, amma ba a yi shi domin mai zuwa ofis ba.

Batun kai

Raunin da ya fi tayar da hankali a zari-ruga shi ne buguwar ƙwaƙwalwa. A watan Disambar 2020, Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya bayyana cewa yana fama da cutar mantuwa yana ɗan shekara 42, kuma ba ya iya tuna wasannin gasar.

A farkon 2023 hukumar Ingila ta ce a wasannin sha'awa ba za a ƙara kama mutum sama da ƙugu ba. Ƙananan kulob suka yi ca, aka sassauta zuwa ƙasan ƙashin ƙirji daga watan Yulin shekarar. A shekarar ce kuma aka fitar da ƙa'idar bai-ɗaya a Birtaniya cewa ɗan wasan sha'awa da ya bugu a kai kada ya koma gasa kafin kwana 21. Wannan ya shafi ɗakin ƙarfe ma, domin mai jin jiri ba shi da abin yi a ƙarƙashin sanda mai kilo ɗari.

Kallo da kwaikwayo

A watannin Fabrairu da Maris ake gasar ƙasashe shida, wato Ingila da Scotland da Wales da Ireland da Faransa da Italiya, wadda ta shigo a 2000. Filin Twickenham na Landan yana ɗaukar mutum 82,000, amma ɗan wasan sha'awa a ɗakin taron kulob ɗinsu ya fi kallo, wani lokaci da taɓon filinsu a jikinsa. Zaman bayan wasa al'ada ce mai ƙarfi, har Faransawa na kiransa zagaye na uku, kuma barasar da ake sha a wurin tana cikin abubuwan da ke jinkirta warkewar tsoka.

Kallon yana koyar da dabara, yana kuma jawo kwaɗayi. Jikin da ake gani a talabijin an gina shi ne da likitoci da masana abinci da isasshen barci. Matashin da ke son irinsa cikin 'yan watanni yakan saurari masu tallar ƙwayoyi. Shekaru da dama zari-ruga na cikin wasannin da hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta Birtaniya ta fi dakatar da 'yan wasansu, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kama ba fitattu ba ne. Dokar ta shafi ƙwararre da ɗan sha'awa duka, hukuncin kan kai shekara huɗu, kuma wanda aka dakatar a zari-ruga ba shi da damar shiga gasar ɗaga nauyi.

Shi kansa ɗaga nauyi ya fi kowa sanin wannan annoba. Shugaban hukumarsa ta duniya, Tamas Ajan, ya sauka a 2020 bayan zargin rufa-rufa, aka kuma rage gurbin masu ɗaga nauyi a Olympics daga 260 a Rio a 2016 zuwa 120 a Paris a 2024.

Da aka sake gwada samfuran da aka adana daga gasar Beijing ta 2008, an ƙwace lambobin matan da suka zo na biyu da na uku a ajin masu nauyi. Azurfar ta koma hannun Ele Opeloge ta Samoa, tsibirin da aka fi sani da zari-ruga, kuma ita ce lambar Olympics ta farko a tarihin ƙasar. Tagullar ta zama ta Mariam Usman ta Najeriya, wadda a ranar gasar ta tashi ta biyar.