Sayen bindiga a babban kanti ko a ƙaramin shago: mene ne bambancin?

Ƴan'uwanmu da ke ƙasashen waje sukan ba da labarin cewa a Amurka ana saida bindiga a kanti ɗaya da shinkafa da sabulu. Gaskiya ne. Ga yadda abin yake can, ga kuma yadda yake nan gida.

A Amurka, manyan kantuna masu rassa da yawa irin su Walmart suna saro kaya da yawa lokaci guda, shi ya sa galibi farashinsu ya fi sauƙi. Amma irin bindigogin da suke ajewa kaɗan ne, akasari na farauta. Tun 2015 Walmart ta daina saida bindigogi masu ƙirar ta soja, a 2018 ta daina saida wa wanda bai kai shekara 21 ba, sannan a 2019, bayan harbin da aka yi a kantinta na El Paso, ta daina saida harsasan ƙananan bindigogi.

Ƙaramin shago kuwa yakan fi tsada. Sai dai mai shagon ya san kayansa, yana ba da shawara, sau da yawa yana gyara, yana kuma saida na hannu. Batun inganci, idan ƙira ɗaya ce daga masana'anta ɗaya, ta kanti da ta shago duk ɗaya suke. Bambancin yana ga kulawar da za a yi maka bayan ciniki. Abu guda kuma ya haɗa su: dukansu sai da lasisin gwamnati, kowace bindiga da lambarta, kuma sai an binciki tarihin mai saye kafin a miƙa masa, tsarin da hukumar FBI ke riƙe da shi tun 1998.

To, a nan Nijar fa? Ba mu da irin wanga kanti, ko a Maradi balle Cadakori. Riƙe bindiga sai da takardar izini daga hukuma, wanda aka kama da ita babu takarda kuwa yana iya ƙarewa gidan kaso. Tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai aikin tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba.

Abin da maharbanmu suka gada shi ne bindigar maƙera, wadda ake ce wa harba-ka-ruga. Tana da arha, amma ba a gwada ƙarfenta kamar na masana'anta, kuma bututun yana iya fashewa a hannun mai ita. Wadda ke shigowa a ɓoye ta kan iyaka ta fi haɗari: ba ka san wa aka harba da ita ba, laifinta kuma kanka zai faɗa. Arha ba ta ado.

Mun san halin da ake ciki a gundumar Gidan Rumji: satar shanu da satar mutane sun sa wasu tunanin mallakar makami. Kafin ka saida buhun hatsi ko ɗan bijimi ka miƙa kuɗi ga wanda ba zai ba ka ko takarda ba, je ka ga maigari ko jandarmomi ka ji abin da doka ta yarda da shi. Ku kuma ƴan'uwa na waje, in an ce ku aiko kuɗin bindiga, ku fara tambaya: ina takardar izini?

Allah ya ba mu zaman lafiya.